Kafin kantin Sinawa ya iso ƙauye, a duba littafin mai tireda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar da ake ta juyawa a rumfunan Kwari da Singa da Sabon Gari, wato fargabar kada Sinawa su tsallake sari su shiga sayar da ɗai-ɗai, har su kai ga kafa kantuna a garuruwan karkara. Mu 'yan sari ne. Masu tireda na ƙauyuka su ne abokan cinikinmu, in suka durƙushe mu ma mun durƙushe. Sai dai yawancin masu maganar sun tsaya a kan "a kore su" kawai, ba a samun mai zama ya yi lissafi.

Fargabar tana da tushe. A Lesoto da yankunan karkara na Afirka ta Kudu, ƙauyuka da dama babban kantinsu na Sinawa ne, galibi 'yan lardin Fujian, kuma a kanti ɗaya za ka sami garin masara da bargo da kwanon rufi da fitila. A nan Kano ƙarfinsu yana wajen masana'anta da sito da sari. Tun shekarun 1960 iyalan da suka zo ta Hong Kong suke ƙera langa da fanteka da silifas a ƙasar nan, kuma ba a taɓa jin kansu da mai tireda ba. Rigima ta taso ne da aka fara ganin masu kawo atamfa da shadda suna sayarwa da hannunsu. A watan Mayun 2012 hukumar shige da fice ta kama Sinawa 45 a Kantin Kwari, a 2015 kuma marina suka yi tattaki zuwa fadar Sarki suna kukan an kashe musu sana'a. A 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Wakilin 'Yan China, abin da ke nuna zaman nasu ya wuce na baƙon kwana biyu. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, shafa wa namu ruwa ba laifi ba ne.

To amma me ke sa kantin baƙo ya kayar da na ɗan gari a garinsu? Abu na farko shi ne yawan hannuwan da kaya ke bi. Ga misali na lissafi, ba farashin kasuwa ba, don dai a ga yadda abin yake taruwa. A ce tocila ta bar masana'anta a kan naira 100. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastam da na ejan mai fitar da kaya da na tirela daga Legas zuwa Kano su ƙara 40, ta zama 140. Mai shigo da kaya ya ɗora kashi 10 cikin ɗari, ta zama 154. Babban ɗan sari ya ɗora kashi 5, ta kai 162. Ƙaramin ɗan sari mai fasa katan ya ba da dozin-dozin ya ɗora kashi 8, ta kai 175. Kuɗin dako da na mota zuwa ƙauye 5, ta sauka a tireda a kan 180. Mai tireda ya nemi kashi 20, ya sayar 216. Wanda ya shigo da kayan da kansa kuma ya buɗe kanti a wannan ƙauyen, tocilar ta tsaya masa a kan 145. Ya sayar 185, ya ci ribar 40, mutanen gari suna sa masa albarka. Mai tireda in ya bi wannan farashin ribarsa naira 5 ce, kuma tocila ɗaya ta mutu a cikin dozin ya faɗi warwas. Babu tsafi a ciki, babu kuma buƙatar kayan su zama jabu.

Na biyu shi ne yadda suke zaman kantin. Wanda ya riga zuwa yana jawo ƙanensa ko ɗan garinsu, yaron ya yi 'yan shekaru a kantin maigida, sannan dangi su haɗa masa jari ya je wani ƙauye na gaba ya buɗe nasa. Yana kwana a bayan kantin. Ba biki, ba suna, ba gudummawa, ba ɗan'uwan da zai zo ya ɗauki buhun sukari "sai kaka". Kantuna goma na dangi ɗaya kuma suna yin oda tare, mota ɗaya ta raba musu. Wannan tsari bai kamata ya zama baƙo a wajen Bakano ba, domin da shi kakanninmu suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da shi kuma ake sallamar yaron shago har gobe. Suna da nasu ciwon: rashin harshe, tara tsabar kuɗi a ɗaki da ke jawo 'yan fashi, da yawan saɓani da ma'aikata kan albashi da tsawon lokacin aiki.

Masu cewa doka kaɗai ta isa, su dubi abin da ya faru a wasu wurare. A 1959 Shugaba Sukarno na Indonesiya ya hana baƙi sayar da ɗai-ɗai a karkara, sama da Sinawa 100,000 suka bar ƙasar, aka bar ƙauyuka da ƙarancin kaya saboda ba a tanadi wanda zai maye gurbinsu ba. Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 a 1972, aka raba kantunansu ga waɗanda ba su san kan ciniki ba, suka sayar da abin da suka tarar suka cinye kuɗin. A kudancin ƙasar Amurka kuwa, a yankin auduga na Misisifi, kantunan Sinawa da suka yi shekaru da dama suna sayar wa baƙaƙen fata ma'aikatan gona sun mutu ne da kansu, da injin ya karɓe tsinkar auduga mutane suka koma birane, 'ya'yan masu kantin kuma suka yi boko suka ƙi gādon kanti. Mu ma mun taɓa gwadawa. Dokar Janar Gowon ta 1972 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da ɗai-ɗai, wadda ta taɓa Kwarori sosai a garin nan, sai dokar zuba jari ta 1995 ta sake buɗe ƙofa ga baƙo ya mallaki kamfani ɗungurungum. Gana ta yi doka a 2013 da ta hana baƙo kasa kaya a kasuwa, ta kuma ce mai son yin ciniki sai ya zuba dala miliyan ɗaya ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Su wa wannan doka ta fi cizo? 'Yan Najeriya, waɗanda aka yi ta garƙame wa shaguna a Kumasi da Ankara. Duk mai neman doka a nan ya tuna muna da 'yan'uwa a zangunan Gana, muna da su kuma a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Mu ra'ayinmu a yi iyaka, amma iyakar da za a iya aunawa. Baƙo ya kafa masana'anta, ya shigo da kaya, ya sayar a dila ko a katan, kada ya fasa. Ƙungiyar kowace kasuwa ta rubuta mafi ƙarancin abin da ake kira sari a kowane irin kaya, a liƙa a ƙofar sito. Shige da fice da izinin kasuwancin baƙi aikin gwamnatin tarayya ne, Majalisar Dokokin Kano ba ta da hurumi a kansu. Amma kasuwanni da lura da shaguna da kes-kes, Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi, kuma muna da guda 44. Kowacce tana iya cewa ba za ta ba da lasisin shago ba sai ta ga rajistar kamfani da izinin kasuwanci na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da katin zama na mai shagon, ta kuma duba ko aikin da aka rubuta masa shi ne wanda yake yi. Wanda ya shigo da sunan injiniya aka same shi yana auna yadi, magana ta ƙare. Inda irin wannan doka take mutuwa sananne ne: ɗan gari ya ba da sunansa a yi rajista, a riƙa ba shi wani abu duk wata, ko mai gida ya kori ɗan haya na shekara ashirin saboda baƙo ya biya kuɗin shekara biyar a dunƙule. Haka aka yi wa matakin da gwamnatin tarayya ta ɗauka a watan Maris na 2022 na hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga hannun manomi. Riɗi da zoɓo dai suna ta tafiya, mai riƙe da jakar kuɗin ɗan gari ne, kuɗin kuma na wani.

Yanzu ga inda muka fi son a tsaya, wato ita kanta tiredar. Ko Basine ɗaya bai taka ƙauye ba, tireda tana mutuwa, kuma abin da ke kashe ta bai wuce uku ko huɗu ba.

Babba a cikinsu shi ne sayarwa a kan tsohon farashi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, masu tireda da yawa sun karye suna ganin riba suke ci. Mutum ya sari katan goma a kan 10,000 kowanne, ya sayar a kan 11,500, ya shigo Singa da 115,000 yana murna, ya tarar katan ya koma 12,000. Tara zai ɗauka, da canjin 7,000. A takarda ya ci ribar 15,000, a kan kanta kuwa ya rasa katan guda. In ya yi haka sau biyar yana cinye canjin, rabin shagon ya tafi. Ana sa farashi ne a kan abin da za a sake saro kayan, ba abin da aka saro su ba, kuma waya ɗaya zuwa wajen ɗan sari kafin a buɗe shago ranar kasuwa ta isa.

Sai kwantai. Jarin 500,000 da ke ba da kashi 10 a kowane juyi, in ya juya sau biyu a wata ya kawo 100,000. In sai bayan wata biyu yake juyawa sau ɗaya, 25,000 ke nan a wata, jari ɗaya, wahala ɗaya. Saboda haka kaso mafi tsoka ya tafi ga abin da ake nema kullum: sukari, gishiri, magi, omo, sabulu, ashana, taliya, man gyaɗa, ganyen shayi. Waɗannan yawancinsu a ƙasar nan ake yin su ko ake ƙulla su, Basine ba shi da wata rata a kansu. Ratarsa tana wajen kayan koli da na roba da na lantarki da yadi, kuma su ne masu kwanciya. A saye su daidai lokacinsu: takalman yara da atamfa kafin Sallah, fitila da rediyo da kwanukan aure da kaka in kuɗi ya shigo hannun manomi, leda da takalmin ruwa da feshi gab da damina. Abin da ya yi wata uku bai motsa ba a karya shi a karɓi uwar kuɗi. Sabon kaya a baya, tsoho a gaba. Buhun sukari da na fulawa a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Sabulu da omo nesa da shayi da madara domin suna ɗaukar ƙamshi. Maganin ƙwari da na ciyawa kuwa kada su kwana ɗaki ɗaya da abin ci ko kaɗan.

Bashi shi ne ƙarfin mai tireda, shi ne kuma ajalinsa. Baƙo ba ya ba da bashi domin bai san kowa ba, ɗan gari kuwa ya san gonar kowa da ranar da zai yi sussuka, wannan wata dama ce da kwantena goma ba za ta saya ba. Amma sai da littafi: suna, kwanan wata, kaya, kuɗi, ranar biya, a karanta wa mai ɗauka a gaban shaida. Ba mu muka ƙago ba, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A ganinmu kada abin da ke waje ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na jari, kuma wanda bai biya na baya ba kada a buɗe masa sabon shafi, ko surukinka ne. Mai biya da hatsi a auna masa a farashin ranar da ya kawo. Shi ma mai shagon ya buɗe wa gidansa shafi. Kuɗin cefane da ake zara daga aljihun tebur, da gwangwanin madarar da yara ke ɗauka "na gida", su ne ke cinye jari ba a gani. Ya yanka wa kansa albashi, ya tsaya a kansa.

Maganin yawan hannuwa shi ne sari na haɗin gwiwa, ko da yake mun san wannan shawara tana rage wa wasunmu ciniki. Masu tireda goma zuwa goma sha biyar da ke kan hanya ɗaya, a ce hanyar Ɗambatta ko ta Wudil ko ta Gwarzo, su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku. Kowa ya miƙa jerin kayansa da kuɗinsa kwana biyu kafin tafiya, kuɗi a hannu, ba alkawari. A tsara tafiyar ta yadda kaya za su sauka jajibirin kasuwa: Asabar ga masu cin Ɗambatta ranar Lahadi, Alhamis ga masu cin Wudil ranar Juma'a. Mutum biyu su shigo gari, ana sauya su, su saya a katan daga babban dila, su karɓi rasit ɗaya mai dalla-dalla, a ɗauki hotonsa a tura wa kowa kafin mota ta tashi. Kuɗin a-kori-kura da na 'yan dako a raba gwargwadon kayan kowa, abin da ya fashe a hanya ma haka. Da wannan kaɗai hannun ƙaramin ɗan sari ya fita, kuɗin motar mutum goma ya koma na biyu. Abin da ke rusa irin wannan ƙungiya ba ya canzawa: ma'aji ya juya kuɗin a harkarsa "kafin ranar", ko mai sayowa ya riƙa karɓar la'ada a ɓoye daga dila, ko a ji kunyar wani dattijo a sayo masa kaya bai biya ba. Ranar da aka yi wa mutum ɗaya alfarma, sauran sun daina kawo nasu a kan lokaci.

Ƙungiyar da ta yi ƙarfi tana iya haɗa kai da mai shigo da kaya ta sayi gurbi a kwantena. Mai ƙafa 20 tana cin wajen kubik mita 33, mai ƙafa 40 wajen 67, kuma ana sayar da gurbin kubik-kubik. Kayan koli yawanci daga Yiwu suke fitowa, kasuwar da ke da rumfa sama da 70,000 a lardin Zhejiang na ƙasar Sin. Sai an buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, ta banki kafin a yi lodi, kayan lantarki da makamantansu kuma sai da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya. Daga biyan kuɗi zuwa saukar kaya a Kano a ƙaddara wata biyu zuwa uku, ko ta tirela daga Apapa ko ta tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023. A tuna masana'antun Sin suna rufewa makonni lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, wanda ya makara da oda kayan Sallarsa sai bayan Sallah. Wanda jarinsa ba zai jure kwanciyar wata uku ba kada ya shiga.

Maganar "kayan Chana ba ƙarko" kuma a yi adalci. Masana'anta tana yin abin da aka biya ne, lamba ɗaya da lamba uku duk daga rufi ɗaya suke fitowa, kuma sau da yawa namu ne ke cewa a rage nauyi a bar kwalin yadda yake. Mai tireda ya koyi gwaji tun a gaban ɗan sari. Batirin fitilar sola, ɗan dogon nan mai lamba 18650, na kirki bai cika wuce 3,500mAh ba kuma nauyinsa wajen giram 45 ne. In ka ga an rubuta 9,900 kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ƙarya ce. Wayar wuta a kankare ta da wuƙa: in jan ya tafi fari ya fito, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, zai yi zafi ya narke, in maganaɗisu ya kama ta, ƙarfe ne. Atamfa a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefe a ga ko tana zuba, a kuma auna turmi a tabbatar yadi shida ne cif, domin akwai masu zuwa da biyar da rabi. Silifas a lanƙwasa shi biyu, in farin layi ya fito a wajen lanƙwasar ba zai kai wata ba. Bokiti a danna gindinsa da babban yatsa. Abin ci da na shafawa a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kayan, ba a jikin katan kaɗai ba. A ƙauye mutumin da ka sayar wa tocilar da ta mutu a daren farko, da shi za ka yi sahu da asuba, kuma zai faɗa wa duk majalisarsu.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, ka ware ɗan gurbi a jaridar nan duk mako ka riƙa buga farashin sari na kaya ashirin ko talatin da tireda ta fi juyawa, daga Singa da Kwari da Kofar Wambai da Dawanau, katan nawa, dozin nawa, buhu nawa, tare da ranar da aka ɗauko farashin. Gidajen rediyon Kano ma su karanta shi a shirin safe ranar Alhamis da Asabar, kafin motocin ƙauye su yi lodi.

Wassalam.

Daga wasu 'yan sari,
Birnin Kano.